Garin Toka

Shekarar da aka ce za mu je Makka, Baffa Mudi ne ya fara faɗin abin da kowa yake tunani. Yana zaune a ƙofar gidanmu yana tufkar igiyar shanu, ya ce wa maigidana, "Dikko, ka haɗa wadda ba ta gani da wadda ba ta magana, ka ce su shiga cikin mutanen duniya. Wa zai nuna wa wani hanya?"

Ina bayan danga ina tankaɗe, na ji shi sarai, kuma ban ga laifinsa ba. Wadda ba ta gani ita ce surukata, Inna. Yana ce ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma inuwa-inuwa yake nuna mata. Wadda ba ta magana kuwa ni ce, Saude. Ba bebiya ba ce ni, kunya ce ta yi mini yawa tun ina ƙarama. Aji uku na yi a firamare, kuma a shekarun nan malami bai taɓa jin muryata ba sai idan duk aji ne yake amsawa tare. Ko nono na kai kasuwar Tudun Wada, wadda ke kusa da ni ce take yi mini ciniki.

Da Habiba za a tafi, ƙanwar maigidan, wadda ke aure a Dangora, bakinta kamar rediyo. Sai ga ta da tsohon ciki. Maigidan zai je, amma an gaya mana a can maza da mata ba wuri ɗaya suke kwana ba, dole a samu mace da za ta riƙe hannun Inna. Inna ta ce ni take so, don ni ce na san yadda take son furarta, kuma ba na janta da sauri idan muna tafiya. Baffa ya ce to, in tsohuwa ta ɓace a cikin taron nan, da wane baki zan neme ta? 

Bayan ƙaramar salla sai maigidan ya ji labarin wata Hajiya Barakatu a cikin garin Tudun Wada. Iyayenta sun tafi da ita a goye ta hanyar Sudan, ta girma a Makka, ta yi aure a can, da mijinta ya rasu ta dawo garin iyayenta. Aka ce tana koya wa mata maniyyata Larabci, ba na allo ba, na titi. Tun daga lokacin, duk ranar kasuwa sai mu shiga ƙaramar mota ni da Inna, a sauke mu a bakin layinsu.

Na zaci zan tarar da allo ko littafi. Abin da na tarar shi ne wata dattijuwa gajera, da haƙorin Makka, ta sunkuya a tsakar gida da ƙwaryar toka a hannu tana ta ja layi a ƙasa. Ta zana tituna da lunguna da mararraba. Ta ce zauren da muka shigo shi ne filin jirgin Jidda. Turmin da aka kife ofishin askarawa ne, wato 'yan sandan can. Randa ita ce Zamzam, gindin darbejiya asibiti, igiyar shanya kuma kasuwa, ta rataye mayafai da carbi da kwalaben turaren da suka ƙare. A can ƙarshen gida ta jingina tabarmi biyu-biyu, ta ce tantunan Mina ke nan. Har akuyarta da ke ɗaure ta samu aiki, ita ce motar da ake jira ba ta zuwa.

Ta dube mu, mu matan da muka taru, ta ce Larabcin da muka haddace a allo na ganawa da Ubangiji ne, Allah Ya karɓa, amma ba za mu tambayi banɗaki da Ƙulhuwallahu ba. Ta ce duk wadda ta tsallake layin tokar nan ta bar Hausa a baya, ta bar sunanta ma. Wadda ta yi kuskuren sakin Hausa a ciki, askar zai kama ta ya sa ta a jirgi ya mayar da ita Kano. Kano ɗin wani benci ne a bakin zaure. Sai ka zauna a can ka huce, sannan ka sake sauka a Jidda.

Ta raba mana sunaye. Luba mai ƙosai, wadda ba ta iya minti ɗaya ba ta tsokani wani ba, ta zama Askar Mansur, ta zana gashin baki da gawayi, ta ɗora tsohuwar hular mijinta a kan ɗankwali. Wata Balaraba ta zama likita, da tabarau marar gilashi. Da aka zo kaina Hajiya ta daɗe tana kallona, ni kuwa ina kallon yatsun ƙafata. Ta shiga ɗaki ta fito da wani koren mayafi mai duwatsu a baki, ta yafa mini.

"Ke Samira ce," in ji ta. "'Yar Madina, mai sayar da turare. Ba ta jin tsoron kowa, mijinta ma lallaɓa ta yake. Saude tana can waje tana jiran ki."

Matan suka yi dariya. Luba ta ce lalle wannan Samirar sai an yi mata allurar baki.

Inna ba ta shiga ba. Ta shimfiɗa buzunta a wajen layi, ta ce ita ba ta yi wasan 'yartsana da furfura ba, ta ci gaba da jan carbi.

Hajiya tana da rikoda da wani kaset da ɗanta ya aiko mata daga can. Babu waƙa a ciki, babu wa'azi, hayaniya ce kawai: ƙahon motoci, masu talla, masu talbiyya, wani yana ta ihu a ba shi hanya. Sai ta ƙure sautin, ta kunna turaren wuta, ta ce mu shiga. In ka rufe ido sai ka rantse ba a Tudun Wada kake ba. Ba ta taɓa ce mana ga kalma ku maimaita ba. Sai dai ta kama hannunka ta kai ka gaban randa, ta nuna maƙogwaro, ta ce "moya", ta hana ka moɗa sai ka faɗa. In kana neman asibiti, sai ka tsayar da wani ka ce "fen", wato ina, shi kuma ya nuna maka dama ko hagu da Larabci. Rana tana dukanmu, ƙishirwa ta gaske ce, don haka moya ta zauna a kan kowa tun ranar farko.

A makonnin farko ban taɓa zuwa Kano ba, don ban ce komai ba, balle in yi kuskure. Luba tana zuwa sau da yawa, ita da ke kama mutane, har ta ce a ajiye mata matashi a bencin. Ni dai ina tsaye a bayan igiyar shanya, in an tambaye ni kuɗin turare sai in ɗaga yatsu. Amma ina ji. Ina komawa gida ina tatsar nono ina gaya wa saniya, a hankali, duk abin da na ji a ranar. Saniyar nan ta sha Larabci.

Ranar da bakina ya buɗe, Luba ce sanadi. Ta zo da tafiyar askarawa, ta ɗauki kwalbar turare mafi kyau, ta shinshina, ta jefa a aljihu ta juya. Ban san lokacin da na kama hannun rigarta ba.

"Haram alaik! Hat!" Na ce ta ji tsoron Allah ta ba ni kayana.

 Sai aka fashe da dariya. Luba ta dafe ƙirji ta ce, "La ila, ashe tana cizo!" Hajiya ta nuna mata benci, ta tafi Kano tana dariya har gashin bakinta ya goge. Ni kuwa na ja mayafin na rufe fuskata, amma a cikinsa murmushi nake yi. Abin da na gane a ranar shi ne ba ni na yi rashin kunyar ba. Samira ce. Ba wanda zai je rugarmu ya ce ya ji matar Dikko tana ɗaga murya.

Daga nan Samira ta samu baki. Tana ciniki, tana rantsuwa cewa turarenta daga Sham aka kawo shi, tana kai marar lafiya wajen likita ta faɗi inda ke yi masa ciwo. Ina tsallake layi in fito, in cire mayafi, in koma Sauden da ba ta iya gaida Hajiya sai da kai a ƙasa. Hajiya ba ta taɓa matsa mini a waje ba.

Ruwan farko ya sauka, ya wanke garin tas. Mun zo mun tarar babu titi ko ɗaya, akuya tana kwance a tsakiyar Mina. Balaraba ta ce shi ke nan, an tashi Makka. Hajiya ta ɗebo toka a murhu ta sake zanawa, amma ba yadda yake da ba. Ta mayar da asibiti bayan rumbu, ta kai kasuwa inda ofishin askar yake. Muka yi ƙorafi cewa mun riga mun saba. Ta ce abin da ba ta so ke nan, ƙafarmu ce ta haddace garin, ba bakinmu ba. Tun daga ranar duk ruwan da ya sauka sabon gari muke tararwa, dole ka tambaya ko ka ɓace.

Da tafiya ta matso, Hajiya ta ce yau ɓatan mutum za a yi. Ta roƙi Inna ta koma bayan rumbu ta zauna, Inna ta tafi tana mita. Aka kunna kaset. Aka ce Samira ta je ofishin askar ta kai rahoto.

Na je gaban turmi, na yi sallama, na ce uwata ta ɓata. Luba ta murza gashin baki ta yi ta tambaya. Tsohuwa ce? Na ce tsohuwa ce. Daga ina? Daga Nijeriya. Me ta sa? Fararen kaya. Tana gani? Ba ta gani sosai. Duk na amsa ba gargada, ina jin Hajiya tana cewa madalla a bayana. Sai Luba ta ce, "Esh ismaha?" Wato mene ne sunanta.

Na tsaya.

A wajenmu mace ba ta kama sunan uwar mijinta. Ba a gabanta ba, ba a bayan idonta ba. Ko yarinya ce mai irin sunan, sai dai in ce mai sunan Inna. Inna ita kanta ba ta taɓa kiran maigidana da sunansa ba, don ɗan fari ne, "wannan" take ce masa, ko "yaron nan", ga shi da gemu. Haka muka tashi muka gani, kuma ban taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba sai ranar.

Na ce, "Inna."

Luba ta buɗe hannu, ta nuna tabarmin Mina, ta yi alamar kowane tanti cike yake da Inna. Ta sake tambaya.  Can na ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "Mai sunan matar Annabi Adamu."

Aka sa ni a jirgi. Ranar ce farkon zuwana Kano, kuma ba wanda ya yi dariya sosai, don duk matan nan sun san abin da ya riƙe mini harshe. Hajiya ta zo ta zauna kusa da ni a benci. Ta ce ba ta raina al'adarmu ba, ita ma uwarta haka ta yi, amma askar ba zai ɗauki lasifika ya yi ta kiran matar Annabi Adamu ba. Ta ce in tuna Samira ba surukar kowa ba ce. Na koma, na sake gwadawa. Na kai har bakin sunan, na sake kasawa. Inna tana bayan rumbu har ta gaji ta fito da kanta, ta ce in an gama nemanta ita za ta yi alwala.

Labari ba ya kwana. Kafin mako ya zagayo Baffa Mudi ya ji. Ya zo ya sami maigidan, ya ce ga abin da ya faɗa tun farko: a tsakar gida ma, tsohuwa tana bayan rumbu, an kasa nemo ta. Ya ba da shawara a bar tafiyar Inna sai baɗi, Habiba ta haihu ta yaye. Na san maganar ta shigi maigidan. Inna kuwa ta ce idon da ya rage mata ba zai jira baɗi ba, tana so ta ga Ka'aba ko da inuwarta ce. Ni na kasa cin tuwo ranar. Na san in aka fasa, ni ce na hana ta.

Ranar kasuwa ta gaba muka koma. Ban ko ɗauki mayafin da hannuna ba, Hajiya ce ta yafa mini. Aka kunna kaset, kowa ya kama wurinsa. Sai muka ga Inna ta naɗe buzunta, ta miƙe, tana laluben ƙasa da sandarta har ta sami layin toka. Ta yi bisimilla ta tsallake.

Luba ta ruɗe, ta kalli Hajiya. Hajiya ta karɓi hular askar ta ɗora a kanta, ta tare Inna, ta ce, "Esh ismik, ya hajja?"

Ashe duk zaman da Inna take yi a waje tana jan carbi, kunnenta yana ciki. Ta gyara tsayuwa ta ce, "Kulu. Kulu 'yar Hamman."

Ta faɗa, sai ta yi 'yar dariya, kamar wadda ta tsinci abin da ta daɗe da yarwa. Ta ce da Hausa rabon da ta ji sunan nan a bakin wani tun rasuwar yayarta. Duk wanda ya isa ya kira ta da shi ya riga ta tafiya. Yanzu ita Inna ce, ko Goggo, ko tsohuwa. Sannan ta juyo wajen da take jin ƙamshin turare, ta nuna ni da sanda.

"Ke baƙuwa, ban san ki ba. Surukata yarinya ce mai kunya, na baro ta a waje, kuma ina son ta a haka. Ke kuwa ba ki haɗa komai da ni ba. Kira ni in ji."

Na kama bakin mayafin na murɗe shi a yatsa. Na ce, "Kulu." Ko ni da ƙyar na ji.

"Na'am," in ji Inna.

Luba ta share ido da bayan hannu har gawayi ya ɓata mata kumatu. Sai ta tuna aikinta, ta kama hannun Inna ta ce dattijuwar nan ta zuba Hausa fiye da kwando guda, jirgi yana jira. Inna ta tafi Kano tana cewa ai ko ba a kore ta ba ƙafarta ta gaji. Da muka koma gida ita ta gaya wa maigidan cewa an neme ta an same ta, a daina maganar baɗi. Ranar sallama Hajiya ta naɗe koren mayafin ta sa mini a jaka, ta ce aro ne.

Makka ta fi garin Hajiya girma yadda ba zan iya faɗa ba, amma ba ta zame mini baƙuwa gaba ɗaya ba. Hayaniyar na san ta. Da mai shago ya ce kaza, na san ana ragewa. Na nemo wa Inna moya, na kai wata mata 'yar garin Doguwa asibiti da zazzaɓi ya kama ta. Inna ta ga Ka'aba, ta ce tana ganin wani baƙin abu mai girma yana tsaye, komai yana kewaya shi. Ta yi kuka, ni ma na yi.

A Mina ne abin ya faru, da rana tsaka. Maigidan ya tafi jifa, nasa da na Inna. Muka fita yin alwala. Kowane alhaji an ɗaura masa munduwa mai sunansa, amma Inna ta ce tata tana hana ruwan alwala shiga, kullum sai ta cire ta ba ni in riƙe. Na saki hannunta don in cika buta, na ce ta tsaya nan. Wata tawaga ta ratso tsakaninmu, mutane kamar ruwan kwari. Da suka wuce babu Inna.

Na duba dama, na duba hagu. Tantuna duk fari, duk iri ɗaya, tsofaffi masu fararen kaya ko'ina. Na koma tantinmu ba ta nan. Na fito a guje ba takalmi, ban ko tuna da jakar da mayafin ke ciki ba. Na yi ta kiran Inna, mata da yawa suna waiwayowa, ba ita. Maganar Baffa Mudi tana ta yi mini amo a ka.

A wata mararraba na hango askar yana tsaye a ƙarƙashin laima, da lasifikar hannu rataye a kafaɗarsa. Askar na gaske, dogo, gashin bakinsa ba na gawayi ba. Na tsaya nesa kaɗan. Ban taɓa yi wa namijin da ban sani ba magana ni kaɗai ba. Babu mayafi, babu Hajiya a bayana. Na kalli ƙasa, kamar yadda na saba. Sai na sa babban yatsan ƙafata na ja layi a cikin ƙura. Na yi bisimilla na tsallake.

Na yi masa sallama, na ce uwata ta ɓata, tsohuwa ce, ba ta gani, daga Nijeriya. Tambayoyinsa kusan irin na Luba ne, sai dai ya fi ta sauri, sau biyu na ce ya maimaita a hankali, ya maimaita. Da ya tambayi suna sai na miƙa masa munduwar, ina jin daɗin na tsira. Ya karanta, ya ɗaga lasifika: "Hawwa Muhammad, Nijeriya!" Ya yi ta faɗa muna tafiya tsakanin tantuna. Mata uku suka fito, kowacce Hauwa ce 'yar Muhammadu, babu Inna a ciki.

Sai na gane. Sunan da ke munduwa na takardar tafiya ne. Inna ba ta san kanta da shi ba. Mahaifinta Hamman kowa ya sani, ita kuma Kulu. Ko a kunnenta aka yi ta kiran wancan, za ta ɗauka da wata ake.

Na gaya wa askar, da guntun Larabcina, cewa a gida ba haka ake kiranta ba. Ya dube ni, ya ciro lasifikar daga kafaɗa ya miƙo mini, ya nuna mini inda ake dannawa. Ya ce in kira da kaina.

Abin yana da nauyi. Na danna.

"Kulu! Kulu 'yar Hamman!"

Muryar da ta fito ban san ta ba. Ta bi kan tantuna ta dawo. Mutane suka waiwayo, na ji kamar duk rugarmu tana tsaye tana kallona. Na sake kira. Muna tafiya ina kira, askar yana buɗe mana hanya, har sunan ya daina yi mini nauyi, ya zama abin da nake jefawa kamar guga a rijiya.

A bakin wani tanti na wasu mata farare masu ƙananan idanu, na ga sanda ta ɗago sama. Sun zaunar da ita a inuwa, ɗaya tana yi mata fifita, ɗaya ta ɓare mata lemo. Inna ta miƙe, ɓawon lemo yana zubowa daga cinyarta.

"Na'am," ta ce. "Ga ni nan."

Na mayar wa askar lasifikarsa, na yi masa godiya, na gode wa matan nan da ba mu jin harshen juna. Na durƙusa na kama hannun Inna. Ta shafa kaina ta ce tun ɗazu take jin ana kiran wata Hauwa, har tana tausaya wa danginta. Sannan ta miƙo hannu na mayar mata da munduwar, ba ta sake cirewa ba.

Mun dawo mun tarar dawa ta kai gwiwa. Kafin in huce gajiya na je Tudun Wada da dabino da Zamzam da turare na gaske, na ajiye a gaban Hajiya Barakatu, na ɗora koren mayafin a kai. Na so in yi mata dogon bayani, amma a wajen layi muke, sai na ce, "Hajiya, na gode. Allah Ya saka da alheri." Ta tambaya ko mayafin ya yi amfani. Na ce ranar da na fi bukatarsa yana cikin jaka. Ta yi dariya har haƙorin Makka ya fito, ta ce to ya gama aikinsa, akwai wata yarinya daga Yako da za ta je baɗi, ita ma ba ta ɗaga kai.

Baffa Mudi ya zo yi mana barka. Bayan an gaisa ya gyara murya, ya ce ya ji wani labari, wai matar Dikko ta kama sunan surukarta a lasifika a gaban duniya. Ina bayan danga ina jin sa.

"Ba ita ba ce," in ji Inna. "Wata 'yar Madina ce mai turare. Allah Ya yi mata albarka duk inda take."

Baffa ya ce amin, ya ɗauki dabino.

Ban sake faɗin sunan ba, na koma yadda nake. Sai wata rana da hantsi, maza sun tafi gona, ina wanke ƙore, na ji Inna tana motsi a wajen murhu. Na leƙa na ga ta ɗebo toka a tafin hannu, tana lalube, tana zuba ta a ƙofar ɗakinta. Layin ya karkace, ya yanke a tsakiya. Ta tsallaka ciki ta zauna a kan buzunta, ta kakkaɓe hannu, ta juyo da fuskarta wajen da take jin ƙarar ruwa.

"Mai turare tana nan kuwa?" ta ce.

Na ajiye ƙwarya, na goge hannuna a zane, na je na tsallaka.